Gaggawa da Dakatawa a Karatun Tallar Rediyo: Sharhi

Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda masu karanta talla a gidajen rediyo na Hausa suke sarrafa saurin murya, tare da nuna illar da gaggawa take yi wa ma'ana.

Tun daga shekarar 1962, lokacin da gidan rediyon Kaduna ya fara watsa shirye-shirye, talla ta samu gurbi a kunnen Bahaushe. Ta ƙara yawaita bayan dokar 1992 wadda ta halatta gidajen rediyo masu zaman kansu. A ƙa'idar wannan sana'a lokaci ake saya, wato sakan 30 ko sakan 60. Sau da yawa da Turanci ake tsara tallar, sannan a fassara ta, fassarar kuwa ta kan fi asalin yawan gaɓoɓi. Maimakon a rage kalmomi, sai a bar mai karatu da aikin cusa su cikin lokacin da aka saya.

A nan matsalar take. Hausa harshe ne da tsawon wasali yake bambanta ma'ana a cikinsa, kuma rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Alal misali, kalmar "gashi" mai dogon wasali a gaɓar farko tana nufin sumar kai, mai gajeren wasali kuwa tana nufin gasa abu a wuta. Mai karatun da ya taƙaita wasalin "man gashi" ya raba hajar da mai kitso ya miƙa ta ga mai tsire. Haka nan "a zuba taki tun fari": in aka gajarta wasalin farko na "fari", an bar maganar somin aiki an koma maganar ƙarancin ruwan sama. Abin da gaggawa take fara cinyewa shi ne dogon wasali.

Illa ta biyu ta shafi karin jimla. Muryar Bahaushe tana gangarowa sannu a hankali daga farkon jimla zuwa ƙarshenta, kuma dakatawa ce take ba ta damar sake hawa. Wanda ya karanta talla da numfashi ɗaya zai isa ƙarshe muryarsa ta dusashe. A tallar magani kuwa, ƙarshen nan ne mazaunin gargaɗin cewa a ga likita in ciwo ya ƙi sauƙi. Wato jimlar da ta fi kowace muhimmanci ga lafiyar mai sauraro ita ake karantawa da mafi sauri da mafi ƙarancin murya. An cika sharaɗin hukuma a takarda, amma gargaɗin bai isa kunne ba.

Ba sai an je nesa neman gyara ba. Sanƙiran sarki in zai yi shela ya kan ɗaga murya ya ja hankali, ya yi shiru har jama'a su natsu, sannan ya faɗi saƙo guntu-guntu. 'Yar talla ma jan wasalin sunan hajarta take yi. Gwanayen masu karatu a rediyo wannan tafarki suke bi: su kan karanta rubutun tukuna su yi wa dogayen wasula alama, su ɗan dakata bayan kalmomi irin su "dai" da "kam" da "fa", su sassauta a kan sunan haja da farashi da lambar waya. Adadi kamar "naira dubu biyu da ɗari biyar" ba ya zama a ƙwaƙwalwa in an faɗe shi a guje.

A taƙaice, laifin bai tsaya kan mai karatu kaɗai ba, har da mai tsarawa da mai fassara. Kamata ya yi a tsara talla da Hausa tun asali, a auna ta da agogo bisa maganar Bahaushe ta ɗabi'a. In lokaci ya gaza, kalmomi za a rage, a bar wasula da tsawonsu. Sassan Hausa na jami'o'i, waɗanda suke yaye da yawa daga cikin ma'aikatan rediyo, ya dace su sa wannan a darasin furuci.