Gine-ginen Tsibirin Ikko: Abin Yabo da Abin Zargi

Duk wanda ya tsaya bakin titin Zariya a Gyaɗi-Gyaɗi da la'asar, zai ga manyan motoci suna gangarawa kudu da shanu da albasa da wake. Da yawansu Ikko suka dosa, watau Legas. Asalin birnin nan wani ɗan tsibiri ne a bakin teku, kuma ya kamata mutumin Kano ya san abin da aka gina a kansa, gama akwai guminsa a ciki.

Da fari cinikin bayi ne ya ɗaukaka Ikko, sa'an nan manja. Turawan Ingila suka karɓe ta a 1861. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai gyaɗa da fatu da ƙiraga suka dinga kwarara can, ana loda su a jiragen ruwa. Tun 1914 har 1991 ita ce babban birnin Nijeriya.

To, in aka auna gine-ginen tsibirin, sai a ga abin mamaki. Mafi kyawunsu ba masu mulki ne suka gina ba. Aikin 'yantattun bayi ne da suka komo daga Barazil, waɗanda ake kira Aguda. Sun taho da sana'ar gini da sassaƙa, suka tayar da benaye masu dogayen tagogi da baranda, da adon furanni a bisa ƙofofi. Ginin ya dace da ƙasar, don wuri ne mai gumi da yawan ruwan sama, dogayen tagogi kuwa suna jawo iskar teku har cikin ɗaki.

Babban misali shi ne Masallacin Shitta-Bey, wanda aka buɗe a 1894. Wani attajiri haifaffen Saliyo, Muhammadu Shitta, shi ya ba da kuɗin, wani gwanin magini daga Barazil mai suna Da Costa ya shugabanci aikin. Ba shi da girma ainun, amma fuskarsa a daidaice take, ƙofa da tagogi kowanne ya zauna wurinsa, ado bai rinjayi gini ba. Wanda ya saba da ɗaurin guga da zanko na masallatan Hausa zai ce wannan ya yi kama da ginin Nasara. Gaskiya ne, amma maginin abin da hannunsa ya iya shi ya kawo, Musulmin Ikko kuwa suka karɓa suka mai da shi nasu.

Sai abin zargi. Adon nan na siminti da farar ƙasa ba ya jure raɓar teku sai da gyara kullum, kamar yadda soron ƙasa ba ya wuce damina sai da yaɓe. Amma babban laifin yana ga tsarin garin. Turawa suka keɓe wa kansu Ikoyi mai sarari da itatuwa, suka bar talakawa cunkushe cikin lunguna marasa magudanan ruwa, har annoba ta ɓarke a 1924. Maganin da aka fi yi kuwa shi ne rusau, kamar wanda aka fara a tsakiyar tsibirin a 1955.

Rusau bai tsaya ga gidajen talakawa ba. Akwai wani shahararren bene kusa da Dandalin Tinubu, ana ce da shi Ilojo Bar, an gina shi wajen 1855. Gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1956, duk da haka aka baje shi a 2016. Fili ya yi tsada, sai aka manta da abin da ke kansa.

Nan ne maganar ta komo gida. Kano ma tana da ganuwa da ƙofofi da tsofaffin soraye, fili kuwa kullum tsada yake ƙarawa, daga cikin birni har Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni. An adana Gidan Makama, amma ganuwa ta zaizaye a wurare da yawa, an yi gini a kanta. Ikko ta nuna cewa takardar gwamnati kaɗai ba ta tsare gini, sai mutanen gari sun san darajarsa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.