Sarkin Zango a Sararin Samaniya

Gori ɗaya ake yi wa Deep Space Nine tun ranar da ya fara fitowa a talabijin ɗin Amurka cikin Janairun 1993, kuma har yau masu yinsa ba su gaji ba. Wai ina amfanin Star Trek ɗin da ba ya zuwa ko'ina? Sunan gidan ma tafiya yake nufi, amma ga shiri an girke shi a tasha guda, kumbo ya zo ya same ta, kumbo ya tashi ya bar ta. Masu ɗan sassauci kuma su ce ai shirin bai fara daɗi ba sai da aka kawo masa kumbon yaƙin nan Defiant a zango na 3, aka ƙaro Worf a zango na 4. Na kalli kashi 176 ɗin nan kaf, wasu har ban san adadin maimaicin da na yi musu ba, kuma ina ganin duka ɓangarorin biyu sun kama reshe sun saki tushe. Zaman nan wuri guda da suke kira naƙasa, shi ne jarin shirin.

Tarihin ba mai tsawo ba ne. Gene Roddenberry ya ƙirƙiro Star Trek a 1966, aka yi zango 3 aka tsaya a 1969. A 1987 aka dawo da The Next Generation, da Kyaftin Picard da sabon kumbon Enterprise, ya karɓu sosai. Roddenberry ya rasu a 1991. Rick Berman da Michael Piller suka zauna suka tsiro da reshe daga jikin wannan shiri, suka ɗauko O'Brien daga Enterprise, suka ba Avery Brooks matsayin Benjamin Sisko, baƙar fata na farko da ya jagoranci wani shirin Star Trek. Daga baya ragamar rubutu ta koma hannun Ira Steven Behr, aka ci gaba har 1999.

Mun san halin shirin reshe. Yawanci ɗan gado ne mai tsoron inuwar mahaifinsa: ya ari rigarsa, ya ari muryarsa, ya yi ta maimaita abin da ya sa aka so uban. Voyager, wanda ya biyo baya a 1995, ya samu dama mai kyau, kumbo ya ɓata a can nesa, babu gida babu agaji, amma kusan kowane mako za ka tarar da shi tsaf kamar jiya aka fito da shi daga masana'anta. Deep Space Nine tun a kashin farko ya nuna ba haka zai yi ba. Matar Sisko ta mutu a yaƙin Wolf 359, lokacin da Borg suka kama Picard suka yi amfani da shi wajen ragargaza rundunar Starfleet. Da aka haɗa su a ɗaki ɗaya, Sisko bai ɓoye ɗacin ransa ba. Gwarzon da masu kallo suka shafe shekara biyar suna girmamawa, sai ga sabon jarumi yana kallonsa da idon wanda ya rasa matarsa. Reshe ya waiwayo ya tambayi tushe: ɓarnar da ka bari a baya fa, wa ya kwashe ta?

Duk wanda ya san labarin fatake zai gane bambancin nan da nan. Enterprise ayari ne, Picard madugu. Madugu na sauka a gari, ya yi ciniki, ya raba gardama in ta taso, gari na wayewa ya ɗaura kaya. In hukuncin da ya yanke ya haifi fitina bayan wata uku, ba ya nan balle ya ji. Sisko kuwa sarkin zango ne. Baƙon da ya ɓata wa rai bana, shi zai sake saukarwa baɗi. Tashar ma ba tasa ba ce. Kardasawa suka gina ta, suna kiranta Terok Nor, a cikinta suke tilasta wa Bajorawa aikin tace ma'adinai a tsawon mamayar da ta kai wajen shekara 50. Da suka janye, sun lalata abin da za su iya lalatawa. Tarayya, uwar rundunar Starfleet, ta zo ne bisa gayyatar gwamnatin riƙo ta Bajor, don haka mataimakiyar Sisko, Manjo Kira Nerys, tsohuwar 'yar gwagwarmaya ce da ke ganin an kori wani baƙo an shigo da wani. Mai tsaron tashar, Odo, ya yi wa Kardasawa wannan aikin kafin ya yi wa sababbin. Mai mashaya, Quark, ya yi ciniki da kowa. Roddenberry ya so a ce mutanen Starfleet sun wuce rigima a tsakaninsu, kuma marubuta sun sha kokawa da wannan ƙa'ida. A nan ba a karya ta kai tsaye ba, sai aka cika gidan da waɗanda ba ta hau kansu ba.

Dabarar da na fi so a shirin ita ce dawowa, kuma babu inda ta fito fili kamar kashin Duet, wanda aka nuna a 1993, a zangon farkon nan da ake cewa a tsallake. Wani Bakardase ya sauka a tashar neman magani. Ciwonsa, Kalla-Nohra, ba a kamuwa da shi sai a wuri ɗaya: sansanin aikin dole na Gallitep, inda aka yi wani haɗari a mahaƙa. Kira na cikin waɗanda suka 'yantar da sansanin, ta ga abin da aka bari a can. Nan take ta sa aka tsare shi. Ya ce sunansa Marritza, shi malamin ajiye takardu ne kawai. Da aka bincika wani tsohon hoto, sai fuskarsa ta dace da ta Gul Darhe'el, shugaban sansanin, wanda Bajorawa ke kira mahauci. Da aka tunkare shi, bai musa ba. Ya miƙe yana alfahari da kisan da aka yi, yana dariya, yana tsokanar Kira da nata mutanen da ta kashe a gwagwarmaya.

Kusan duk kashin mutum biyu ne a ɗakin tsare masu laifi, ɗaya a ciki ɗaya a waje. Babu harbi, babu kumbo. 'Yan wasan biyu, Harris Yulin da Nana Visitor, ne kawai da muryoyinsu. A kallon farko za ka ɗauka mugun ne ya samu bakin magana. A kallo na biyu sai ka lura alfaharin ya yi yawa, kamar mai ƙara gishiri da gangan don a ji. Ya san abubuwa game da Kira waɗanda bai kamata shugaban sansani ya damu da sani ba, alamar ya yi shiri ya zo nemanta ita musamman. Odo ne ya bi diddigi: Darhe'el ya mutu shekaru da suka wuce, an binne shi da girmamawa, kuma ranar haɗarin ma ba ya sansanin. Mutumin nan Marritza ne da gaske. Ya sa an yi masa tiyata an mayar da fuskarsa ta maigidansa, ya sallama harkokinsa, ya kawo kansa inda za a kama shi, don a gurfanar da shi a kashe shi, ƙasarsa ta ji kunyar abin da ta aikata. Shi da yake toshe kunne cikin dare yana kuka saboda ihun da yake ji, bai taɓa ɗaga yatsa ya hana ba. Lokacin da muryar alfaharin ta karye a tsakiyar magana, mahaucin ya narke, malamin takardun ya fito, ban san wani wuri a duk Star Trek da ya kai wannan nauyi ba.

Kira ta sake shi. Suna tafiya a kasuwar tashar, wani Babajore ya soke shi da wuƙa, don kawai Bakardase ne. Kira, wadda da safe wannan dalilin zai ishe ta, ta durƙusa a kan gawar tana musa shi. A lura da inda abin ya faru. A Enterprise za a iya yin labari mai kama da wannan, amma da an gama kumbo zai wuce. Kira kuwa gobe ta wannan kasuwar za ta bi zuwa aiki. Shi ya sa shekara shida bayan haka, da aka tura ta ta koya wa Kardasawa yadda ake yaƙin sunƙuru don su 'yantar da ƙasarsu daga daular Dominion da suka taɓa ƙawance da ita, mai kallo bai ji an yi masa dungu ba. Irin da aka shuka a Duet ne ya yi yabanya.

Haka dabarar take aiki a kan ƙananan mutane, kuma a nan ne na fi jin shirin a raina. Nog, ɗan ɗan'uwan Quark, a kashin farko ɓarawo ne aka kama shi. Jake, ɗan Sisko, ya koya masa karatu a ɓoye. A zango na 3 ya zo ofishin Sisko da ƙunshin dukiyarsa yana neman a rubuta masa takardar shiga makarantar Starfleet, Sisko ya ɗauka wata damfara ce. Sai da ya matsa masa sannan yaron ya faɗi gaskiya: mahaifinsa Rom gwanin injina ne, amma a al'adar Ferengi, ƙabilarsu, wanda bai iya riba ba ba kowa ba ne, shi kuma ba ya so ya ƙare haka. A 1998, a kashin The Siege of AR-558, yaron nan ya rasa ƙafa a fagen daga. Wani shirin da an sa masa sabuwar ƙafa, an wuce. Nan kuwa aka ware kashi guda cur, ya dawo tashar yana dogara sanda duk da likitoci sun ce ƙafar lafiya lau, ya shige ɗakin siddabarun kwamfuta ya tare a gidan rawar mawaƙi Vic Fontaine, ya ƙi fitowa duniya don tsoro. Aron Eisenberg, wanda ya fito a matsayin Nog, ba ya ma cikin manyan 'yan wasan da ake jera sunayensu a farkon shiri. Kumbo mai tafiya ba ya iya tara irin waɗannan mutane. Zango ne ke tara su: Garak tela, wanda kowa ya san tsohon ɗan leƙen asiri ne amma ba mai iya kama shi da magana guda, Kai Winn, wadda ke sa maka albarka da murmushi tana haƙa maka rami, har Morn, da bai taɓa furta kalma a gaban kyamara ba amma kujerarsa a mashaya ba ta rabuwa da shi.

Masu cewa shirin ya ci amanar Roddenberry galibi In the Pale Moonlight suke nunawa, inda Sisko ya haɗa kai da Garak suka ƙirƙiri shaidar ƙarya don jawo Romulawa cikin yaƙin da ake yi da Dominion, Sanata Vreenak ya gano jabu ce, Garak ya tarwatsa kumbonsa, dabarar ta ci, Sisko ya naɗi ikirarinsa sannan ya goge. Ban ga cin amana ba. Mutumin da yake lissafa sunayen mamata kowace Juma'a a bangon tasharsa, yana ganin fuskokin masu zuwa duba sunan aboki, shi ne aka tambaya ko aƙidarsa za ta jure. Aƙidar da ba a taɓa ɗora mata kaya ba, ba a san ƙarfinta ba. Kuma shirin bai wanke shi ba. Ya bar shi da kofin giya a hannu yana ƙoƙarin shawo kan kansa, mu kuma muna ganin bai gama yarda ba.

Inda nake da ƙorafi, akasin nasu ne. Ƙarshen Gul Dukat bai gamsar da ni ba. Shekaru aka yi ana gina tsohon shugaban mamaya mai ganin kansa uba ne ga waɗanda ya zalunta, mai jin haushin ba a gina masa mutum-mutumi a Bajor ba. Wannan mugun mun san shi, tarihin duk ƙasar da aka mulka da ƙarfi cike yake da irinsa. Sai a ƙarshe aka mayar da shi ɗan koren wasu miyagun ruhohi, ido ja, ana kokawa a bakin ramin wuta. A nan shirin ya manta da kansa, ya bar zango ya bi almara. Dukat ɗin da ke dawowa tsohon ofishinsa yana shafa teburin kamar har yanzu nasa ne ya fi wancan ban tsoro nesa ba kusa ba.

Wannan tebur ɗin ma shi ne hujjata ta ƙarshe kan cewa reshe nagari shi ne wanda ya zauna ya biya bashin da uwar shiri ta ci ta wuce. A kansa akwai ƙwallon besbol ta Sisko, wasan da a zamanin labarin kusan an manta da shi. A ƙarshen zango na 5, cikin 1997, Dominion da Kardasawa suka ƙwace tashar, Sisko ya fice da rundunarsa. Dukat ya shigo ofis da murna, sai ya tarar da ƙwallon a kan tebur. Weyoun, wakilin Dominion, bai gane ba, Dukat ya gane: mai ita zai dawo. Kashi shida aka yi tashar na hannun abokan gaba, Kira na tashi kowace safiya tana aiki tare da mutanen da ta taɓa yaƙa, har ta dubi madubi ta ga fuskar 'yan barandan da ta tsana a da. Sisko ya dawo ya karɓi ƙwallonsa. A kashin ƙarshe, a 1999, O'Brien ya koma Duniya koyarwa, Worf ya zama jakada, Odo ya koma wurin danginsa, Sisko kansa ya tafi wurin halittun nan da Bajorawa ke bauta wa ba tare da sanin ranar dawowa ba. Kira ta gaji ofishin, ta ɗauki ƙwallon daga kan tebur ta juya ta a hannu. Daga nan ta sauko ta tsaya kusa da Jake a bakin taga, kyamara ta ja da baya, ta ja, har tashar ta zama ɗigon haske guda a cikin taurari.