Sharhi a kan Littafin Sunayen Tsirrai na Dalziel

A 1916 ne likita J. M. Dalziel ya wallafa A Hausa Botanical Vocabulary, inda ya jera sunayen tsirrai na Hausa tare da na kimiyya. Har yau masu binciken tsirrai a jami'o'i suna waiwayarsa. Rauninsa shi ne bai nuna karin sauti ba. Dubi kalmar kuka: in sauti ya sauka a gaɓar ƙarshe, itaciya ce, in ya tsaya sama, zubar da hawaye ke nan. Ƙamusun Bargery na 1934 ya cike wannan giɓi. Haka kuma, a Nijeriya ta Arewa Dalziel ya tattara sunayen. Don haka kada ɗalibi ya kwafi suna sai ya ji shi daga bakin manomin Maraɗi ko Damagaram.