3.2 Jigon Zaman Aure da Riƙon 'Ya'ya a Littafin Alhaki Kuykuyo Ne

Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka haifa a Kano a shekarar 1959, ta fitar da littafin Alhaki Kuykuyo Ne a shekarar 1990, wato shekara uku bayan littafinta na farko, Budurwar Zuciya. Ko da yake akan jera shi cikin littattafan soyayya da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, babban jigonsa shi ne zaluncin maigida a kan iyalinsa da kuma sakamakon da ke biyo baya. Sunan littafin ma karin magana ne da ke nuna cewa alhaki ba ya ɓatan hanya, mai shi yake bi.

3.2.1 Warwarar Jigo

Labarin ya ginu ne a kan Rabi, matar Alhaji Abdu, wani ɗan kasuwa mai sayar da yadi a Kano. Duk da cewa yana da hali, Alhaji Abdu ba ya sauke nauyin gidansa, sai Rabi ce ke faɗi-tashi da 'ya'yansu tara. Ana cikin haka ya auro Delu, wadda ta taɓa zaman kanta, aka yi rikici, ya saki Rabi ya kore ta tare da 'ya'yan. Rabi ta kama sana'ar sayar da abinci, ta riƙe 'ya'yanta, har 'yarta Saudatu ta auri wani attajiri mai suna Alhaji Abubakar. Daga baya gobarar kasuwa ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, ya kuma gane cewa Delu na cin amanarsa. Daga ƙarshe aka matsa wa Rabi ta koma aurensa.

Idan aka duba wannan labari za a ga cewa marubuciyar ba ta soki ƙarin aure a kan kansa ba. Abin da ta soka shi ne yin sa ba tare da adalci ba. A fiƙihun Malikiyya, wanda Hausawa ke bi, ci da sha da tufafi da muhallin mace duk suna wuyan miji, kuma ko an rabu, uba ne zai ciyar da 'ya'yansa ko da suna hannun uwa. Ke nan ma'aunin da aka auna Alhaji Abdu da shi, ma'auni ne na addinin da yake taƙama da shi. Wannan dabara ce ta toshe bakin masu zargin marubuta mata da kwaikwayon Turawa.

Haka kuma ya kamata a tuna da lokacin da aka rubuta littafin. Shirin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fara a shekarar 1986 ya karya darajar naira, ya tsadar da abinci da karatun yara. A irin wannan yanayi, tukunyar abincin sayarwa ta Rabi hoto ce ta ɗimbin matan birni waɗanda ciyar da gida ya koma kansu, alhali sunan maigida yana wurin wani.

3.2.2 Raunin Jigo

Duk da haka, akwai wuraren da littafin ya yi rauni. Na farko, an zana Delu a matsayin muguwa tsantsa, ba a ba mai karatu damar tausaya mata ba, ga shi kuwa ita ma mace ce da ke neman rufin asiri a cikin aure. Ɗora mata laifi mai yawa ya rage wa Alhaji Abdu nasa. Na biyu, arzikin iyalin Rabi ya ƙara tabbata ne da auren Saudatu ga mai kuɗi, wanda kan sa a ɗauka cewa maganin mugun miji shi ne samun attajirin suruki. Na uku, gobara ce ta hukunta Alhaji Abdu. Babu alƙali ko dattijon unguwa da ya tilasta masa ciyar da 'ya'yansa tun farko.

3.2.3 Ƙarshen Labari

Komawar Rabi ita ce ta fi ɗaukar hankali. Mai karatu zai iya ganin cewa marubuciyar ta ja da baya, ta miƙa wuya ga al'ada. Amma wannan nazari yana ganin a nan ne ƙarfin littafin yake. Al'ummar da ba ta iya hana Alhaji Abdu korar Rabi ba, ita ce ta iya tilasta wa Rabi karɓarsa lokacin da ya tsiyace, tana ce mata ta yi haƙuri ta dubi 'ya'ya. Wato haƙurin da ake wa'azinsa, mace kaɗai ake nema ta yi. Marubuciyar, wadda ita kanta aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta san wannan rayuwa sarai, shi ya sa ba ta ƙirƙiro wa Rabi 'yancin da matan unguwa ba su da shi ba. Alhaki ya bi ubangidansa kamar yadda sunan littafin ya yi alkawari, sai dai da ya cim masa, Rabi ce aka sake ɗora wa nauyin ɗaukar sa.