Baffanmu na Kadawa

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, manoman Kura, Bunkure da Garun Malam suka manta da hutun rani. Baffanmu, Allah ya jiƙansa, yana cikinsu. Da damina shinkafa, da hunturu alkama da tumatir. Idan layin ban ruwa ya zo kansa cikin dare, sai ya naɗe wando, ya ɗauki fartanya da tocila, yana buɗe wannan kunya yana toshe waccan, sanyi na yankar ƙafarsa har kaushi ya tsattsaga masa diddige. Duk da haka, da asuba yana sahun gaba.

A 2016 tsutsar da manoma ke kira sharon ta yi wa tumatirin Kano mummunar ɓarna. Ko kwando ɗaya Baffanmu bai kai kasuwar Kwanar Gafan ba. A nan na ga dattako na gaske. Ya sayar da shanun huɗarsa, ya biya wa 'ya'yansa mata kuɗin makaranta, har da marayun ƙaninsa, bai bari tukunyar gidan ta kwana babu wuta ba. Da damina ta faɗi, ya ari shanun maƙwabci ya koma gona.