Idon Gwani a Cikin Dubban Ƙarafa

Duk wanda ya taɓa leƙa allon kwamfutar injiniyan gini yana zanen babban sito ko rumfar gidan mai, zai ga ƙarafa sun saƙu da juna bila adadin. Manhajoji irin su STAAD.Pro da ETABS da SAP2000 suna iya lissafa nauyin da kowane ƙarfe yake ɗauka cikin ƙiftawar ido, su gwada shi da ƙa'idar da aka zaɓa, ko BS 5950 ta Birtaniya da injiniyoyinmu suka saba da ita, ko Eurocode 3 ta Turai. Daga nan kowane ƙarfe ya samu makinsa: in ya haura 1.0, nauyi ya fi ƙarfinsa.

Sabon shiga sai ya umarci manhaja ta duba duka, ya ga babu ja, alamar ƙarfen da ya gaza, a allo, ya yi hamdala. Gwani kuwa a nan aikinsa yake farawa, domin ya san manhaja ba ta amsa tambayar da ba a yi mata ba.

Da farko yakan kasa ƙarafan gida-gida: filoli daban, bim daban, ƙarafan rufi daban, na tokare daban. Kowane gida da irin tasa matsalar. Bim yakan iya ɗaukar nauyinsa amma ya lotsa har ya fasa silin. Fila kuwa ba karyewa ake ji mata ba, lanƙwashewa ce. Kamar karan dawa ne: guntu yakan jure danni, dogo sai ya tanƙware. Lissafin masani Euler ya nuna in tsawo ya ninka, ƙarfin jure dannin siririyar fila yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu.

A nan ne ake gane wanda ya iya. Sau da yawa manhaja takan ɗauki tazarar da ke tsakanin mahaɗa biyu a zane a matsayin tsawon ƙarfe. In an yanka fila mai mita 6 gida uku a zanen, sai ta auna guntaye masu mita 2, ta ce lafiya lau, alhali babu abin da ya tokare filar a waɗannan wurare. Gwani yakan ware irin wannan fila, ya shigar da tsawonta na gaskiya da hannunsa.

Haka nan yakan tuhumi ƙarfen da aikinsa ke juyawa. Ƙarfen ƙasa na rufi, a kullum jansa ake yi. Amma ran da guguwar farkon damina ta shiga ƙarƙashin kwano ta ɗaga shi, sai jan ya koma danni, siririn ƙarfen ya tarar da aikin da ba a shirya shi dominsa ba. Bayan wannan sai mahaɗai, inda noti da walda suke, waɗanda galibi lissafinsu daban ake yi.

Tarihi ya nuna hatsarin sakaci. A Janairun 1978 rufin babban zauren wasanni na birnin Hartford a Amurka ya rufta ƙarƙashin dusar ƙanƙara, sa'o'i kaɗan bayan dubban 'yan kallo sun watse. Da kwamfuta aka lissafa shi, amma lissafin ya ɗauka ƙarafan sama suna da tokarar da a zahiri ba ta isa ba, sai suka lanƙwashe.

Saboda haka, ya mai shirin gini, kada yawan shafukan rahoto ya burge ka. Tambayi injiniyanka waɗanne ƙarafa ya ware ya duba, kuma me ya sa. Wanda ya iya amsa wannan, shi ya cancanci ya sa hannu a zanenka.