Hadda ba Fahimta ba ce: Tsokaci kan Lissafi a Darasin Fiziks

Babban abin da muke kuka da shi game da koyar da Fiziks a manyan makarantun sakandare shi ne yadda aka mayar da lissafin da ke cikinsa abin hadda. Ɗalibi yakan zuba lambobi cikin ƙa'idar da ya haddace, ya danna kalkuleta, ya rubuta duk abin da ta ba shi, ko da amsar ta nuna cewa zurfin rijiyar gidansu ya kai kilomita 2. Littattafan da aka cika da tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO sun ƙarfafa wannan ɗabi'a, domin amsa suke nunawa, ba sa nuna yadda za a gane ko ta yi daidai da hankali.

Mu ɗauki darasin faɗowar abu daga sama. Dutsen da aka saka cikin rijiya yakan ci kimanin mita 5 a daƙiƙa ta farko, mita 15 a ta biyu, mita 25 a ta uku. Jimilla ke nan mita 5, da 20, da 45. Galileo ya bayyana wannan tsari na 1, 3, 5 a littafinsa na 1638. Ɗalibin da ya jera waɗannan lambobi da hannunsa zai gano da kansa cewa idan lokaci ya ninka biyu, nisa yakan ninka huɗu. Wanda ya haddace ƙa'idar kurum, da zarar an sauya fasalin tambaya sai ya rikice.

Bisa ga haka, muna ba masu tsara manhaja shawara su wajabta kintace kafin lissafi: ɗalibi ya faɗi kusan nawa amsar za ta kai, da dalilinsa, a Hausa in ya so, sannan ya taɓa kalkuleta. Haka kuma a riƙa horar da shi kan sauya ma'auni da ka, har ya san cewa gudun kilomita 36 a awa daidai yake da mita 10 a daƙiƙa. Daga ƙarshe, malamin Lissafi da na Fiziks su zauna tare a farkon kowane zango su daidaita jadawalinsu, don kada Fiziks ya nemi abin da Lissafi bai riga ya koyar ba.